Gaɓar Farko da Jirgi Ya Taɓa

A Kwatano na fara sanin Kawu Hamidu, kuma ranar da na san shi kuka nake yi. Dillalin da ya ɗauko ni daga iyakar Tsamiya da alkawarin aikin jirgin ruwa ya ajiye ni a ƙofar wani masallaci cikin zango, ya ce zai je ya karɓo mini takardu. Har yau bai dawo ba. Ina zaune rungume da jakata, wani dattijo siriri ya tsaya a kaina.

"Kai, ɗan ina?"

"Kurgu, ƙasar Bagudo."

"Ɗan tudu! Mi ya kawo ɗan tudu bakin teku? Ka iya iyo?"

Na ce ban iya ba. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ɗauki jakata ya ce in biyo shi. Mutumin Lolo ne, cikin Dandawa masu jirgi, iyayensa da kakanninsa duk a kan Kwara suka rayu. Ba mu haɗa jini ba, amma tun ranar Kawu nake ce masa.

Shi ya yi mini hanyar takardu na gaskiya, shi ya sa aka ɗauke ni a jirgin dakon kaya inda yake aiki. Mun yi shekaru tare a can. Ya san halina sarai. Ni mutum ne da kan sake alwala saboda ban tabbata na shafi kunne ba, in kashe dutsen guga in hau bene in sake saukowa in taɓa shi. Audu Waswasi yake kirana. Ko a waya idan yana magana da matarsa, Inna Hajo, sai ya ce, "Ga ɗanki Waswasi nan, yana ƙirga yatsunshi ko sun cika."

Daga baya ya samo mana aikin wanki da guga a wani babban jirgin masu yawon buɗe ido. Wannan jirgi ba ya kai kowa ko'ina. Tsofaffin Turawa yake kwasa ya kai su arewacin duniya, ƙasar Norway, su kalli duwatsu, ya maido su inda ya ɗauke su. Su suna sama, mu muna can ƙasa, ƙasa da fuskar ruwa ma. Ɗakin wanki ba shi da taga. In ka ɗora tafin hannu a bangon ƙarfen za ka ji sanyi, ka san abin da ke bayansa ya fi ƙarfinka. Mai jin Hausa ban da mu biyu mutum ɗaya ne, Alasan, ɗan zangon Kumasi da ke aiki a kicin. Shi ya iya Turanci sosai, nawa na firamare ne, ba ya wuce gaisuwa da karɓar umarni.

Ranar da muka fara shiga lungunan ruwan nan da suke kira fiyod, Kawu ya ja ni zuwa bayan jirgi, wurin igiyoyi, inda aka yarda ma'aikata su sha iska. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kuma ba na fatan sakewa. Teku ce ta kutsa tsakanin duwatsu, dama da hagu bango baƙi ya miƙe har cikin gajimare. Ruwa na zubowa daga can sama, fari fat, amma ba ka jin ƙararsa sai kun zo daf. Babu kuka, babu giginya, babu ko akuya. Can a tsakiyar dutse, inda tsuntsu kaɗai zai iya sauka, sai ka hangi ɗan gida na katako, tagoginsa a buɗe, ba hayaƙi, ba mutum. Rana kuma ba ta faɗuwa a wannan lokacin na shekara, haske ne mai toka-toka ya tsaya wuri ɗaya kamar an manta da shi. Jirgin ya yi oda, ƙarar ta tafi, muka yi shiru, can sai ta dawo mana daga gaba, kamar wani jirgin ne ya amsa.

Kawu ya daɗe yana leƙen ruwan. Mutum ne da in ya dubi Kwara zai gaya maka inda yashi yake da inda dorina ta kwana.

"Wanga ruwa ba ya tahiya," ya ce. "Ba ya magana kuma. Ban taɓa ganin ruwan da na kasa karantawa ba."

A sama wata mata tana ta bayani cikin lasifika. Alasan, da ya fito da tabarsa, ya riƙa juya mana. Wai mutanen dā na wannan ƙasa daga lungunan nan suke fita cikin jiragen katako marasa rufi, su nufi yamma, ba su san abin da ke gaba ba. Sukan tafi da hankaki, su saki, in bai dawo ba su bi inda ya nufa. Haka suka gano tsibiran ƙanƙara, wasu suka wuce gaba har wata babbar ƙasa, wasu kuma ba a sake jin labarinsu ba. Idan sun hango sabuwar ƙasa sai su jefa ginshiƙan tsohon gidansu a ruwa, inda ruwa ya fitar da su nan za su zauna.

"To ka ji mutane," in ji Kawu. "Sun san ba a yi ma ruwa gardama. Waswasi, da kai ne cikinsu da sai an koma gida a duba ko an kulle ƙofa."

Washegari da safe muna ninke zannuwan gado. Aikin mutum biyu ne, kowa ya kama baki ɗaya, a ja, a karkaɗe, a tako a haɗu a tsakiya. Mun yi shi har ba ma duban juna. Na ja, sai na ji zanen ya biyo ni ba nauyi. Na ɗaga kai, Kawu yana zaune a ƙasa, ya jingina da bangon ƙarfen nan, idonsa a buɗe. Na ɗauka wasa ne. Na ce, "Kawu, tashi, madam shugabar wanki na zuwa." Da na durƙusa na ga leɓensa na motsi, na yi masa kalmar shahada, ya bi ni har ƙarshe. Kafin likita da nas su sauko ya cika.

A kan hanyar da muke bi kullum daga ɗakin wanki zuwa wurin cin abinci akwai wata ƙofa fara da ba a rubuta komai a jikinta ba. Na sha wuce ta ɗauke da kaya. Nan suka buɗe. Ɗakin sanyi ne, da aljihunan ƙarfe a bango. Suka jawo ɗaya suka sa shi da kayan aikinsa a jikinsa, suka tura, suka kulle.

"Jirgin tsofaffi ba ya rasa irin wannan ɗaki," in ji Alasan. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa."

Da jirgi ya kai ƙarshen lungun, inda wani ƙaramin ƙauye yake da coci fara, waya ta samu. Na kira Inna Hajo. Na shirya jin kururuwa, amma ta yi salati kawai, sannan ta tambaya.

"Audu, bisa ruwa ya cika ko bisa tudu?"

"Bisa ruwa, Inna. Cikin jirgi."

"To ka saurara, ɗana. Mu gidanmu, wanda ya cika bisa ruwa ba a kai shi gida. Gaɓar farko da jirgi ya taɓa, nan a ka rufe shi. Ubanshi na wani tsibiri ƙasa da Illo, kakanshi na hayin Benin. In anka wuce da shi, ruwa na biyo abinshi har gida. Sau guda anka yi gardama, anka kawo wani ƙanen ubanshi daga Yawuri. Shekaran da anka kawo shi Kwara ta shigo har maƙabarta ta ɗauke shi, ta haɗa da rabin unguwa. Jikokinshi na nan kwance gabana, Audu. Kar ka bari su yi yawo da shi."

Na ce to. Ban san abin da na ce wa to ba.

Na tsaya ina kallon ƙauyen. Wannan magana ban taɓa jin ta a bakin malami ba, kuma ina tsoron canfi kamar yadda nake tsoron wuta. Amma addini ma cewa ya yi a gaggauta rufe mamaci. A Kurgu wanda ya rasu da hantsi ba ya kai la'asar a waje. Ga Kawu cikin aljihun ƙarfe, ba wanka, ba sutura, ba salla. Ga amanar matarsa a wuyana. Ƙananan jirage masu launin ruwan lemo suna ta jigilar Turawa daga jirginmu zuwa ƙauyen, suna dariya, suna ɗaukar hoto. Ɗaya kawai nake so a ba ni.

Na ja Alasan muka je ofishin ma'aikata. Mutumin da ke wurin ya yi mana ta'aziyya da kyau. Ya ce kada mu damu, gawa za ta zauna cikin sanyi har jirgi ya gama zagayensa, sannan kamfani zai sa ta a jirgin sama har gida, haƙƙinsa ne. Na ce ba a son a kai shi gida. Ya dube ni, ya dubi Alasan, ya ce in je in huta, baƙin ciki ne ke damuna. Da yamma jirgi ya yi oda ya juya. Na ga cocin nan tana ƙanƙancewa har dutse ya rufe ta. Gaɓar farko ke nan.

Ba a ba ni abokin ninki ba, sai na riƙa maƙale bakin zanen a ƙofar inji ina ja ni kaɗai. Ba zan rantse ba, amma akwai lokacin da na ja na ji an ja daga can, ja mai ɗan fizga, irin na Kawu idan yana so in yi sauri. Na saki zanen na yi ta'awizi. Bangon ƙarfen kuma ya fara ƙwanƙwasa, a hankali, daga waje, daidai inda ya jingina. Alasan ya ce gutsattsarin ƙanƙara ne ke bugun jirgi, don mun shiga lungun da dutsen ƙanƙara yake. Wataƙila haka ne. Amma a ƙarƙashin farar ƙofar nan wani siririn ruwa ya riƙa fitowa. Na goge, na je na dawo, ya sake fitowa. Aka kira mai gyaran famfo, ya duba, ya ce bai ga inda yake yoyo ba.

A lungu na biyu ƙauyen ya fi na farko ƙanƙanta, ƙanƙara shuɗiya ta sauko daga dutse ta tsaya a bayansa kamar tana jira. Ƙananan jiragen suka sake fita. Matar lasifika ta sake farawa, na ce wa Alasan me take cewa. Ya ƙi. Na matsa masa.

"Wai mutanen dā ɗin nan, in babbansu ya mutu, cikin jirginsa suke sa shi. Da kayansa, da dawakinsa, wani lokaci har da bayinsa. Su tula ƙasa a kai, ko su cinna wuta." Ya jefa guntun tabarsa cikin gwangwani. "Na ce maka kada ka tambaya."

Na dubi jirginmu, fari, dogo, cike da tsofaffi masu farin gashi da suka jeru a bakin ƙarfe ba mai motsi, duk suna kallon dutse. Da aka yi oda muka bar gaɓa ta biyu ban iya cin abinci ba. Inna ta yi ta kira, ina kallon wayar tana haske, na kasa ɗauka.

Ma'aikacin wanki ba ya hawa benen manya. An gaya mana tun ranar farko, kuma ni ban taɓa karya doka ba ko ta layin abinci. Amma da gari ya waye, in za a ce ya waye a inda bai yi duhu ba, na sa rigata mai tsabta na tsaya a ƙofar kicin har Alasan ya fito.

"Mataimakiyar kyaftin za mu gani."

"Kai? Kai da kake neman izini kafin ka yi tari?"

"Ni."

Mace ce doguwa, 'yar ƙasar. Ta bar mu muka shiga, ba ta ce mu zauna ba. A bakin ƙofa Alasan ya raɗa mini cewa maganar addini kawai zai faɗa, zancen ruwa mai bin mutum gida zai sa a ɗauke mu mahaukata. Na ce a'a. In ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, ƙarya muka yi, kuma ba zan rufe Kawu da ƙarya ba. Ya harare ni, amma ya faɗa duka, yana kallon takalminsa. Ina jin yadda muryarsa ta ragu da ya zo wurin jikoki.

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi taga. Ta ce kakanta masunci ne a wani lungu kamar wannan, kuma bai taɓa yarda gawa ta kwana a jirginsa ba, ko ta ɗan'uwansa. Ta ce ƙauyukan da muka wuce ba su da likitan hukuma, ba su da wurin Musulmi. Garin da za mu isa gobe yana da duka biyu. Amma sai matar Kawu ta faɗa da bakinta. Nan take na kira Inna ta bidiyo, aka kirawo mai unguwa ya tsaya kusa da ita. Inna ta yi magana, na juya wa Alasan Hausarta, ya juya wa mataimakiyar kyaftin. Ban gaya wa Inna cewa mun riga mun wuce biyu ba, ita ma ba ta tambaya ba. Mataimakiyar kyaftin ta amince a sauke shi gobe.

Nas ta buɗe mana ɗakin sanyi. Likkafani ya rage. Ga zannuwa farare tuli a ɗakin wanki, amma ba nawa ba ne, kuma ba a yi wa Musulmi sutura da abin da mai shi bai yarda ba. Na je wa madam, shugabar wanki, 'yar Filifin, wadda ba ta taɓa yi mini magana ba sai da tsawa. Ta saurara, ta shiga sito ta fito da sababbi cikin leda, waɗanda ba a taɓa kwana a kansu ba. Na ce na wane ne. Ta buga ƙirjinta ta ce nata ne, ta ba Hamidu. Sannan ta juya mini baya ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Ni na yi masa wanka, Alasan na zuba ruwa. Jikinsa ya yi tauri da sanyi, tafin hannunsa har yanzu da kantar sandar tuƙi ta ƙuruciya. Na gama na fara shakkar ko na fara da dama, na miƙa hannu zan sake. Alasan ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ya isa, Audu. Na gani da idona. Ka yi daidai."

Da muka buɗe ƙofa na tsaya cak. Hanyar ta cika da mutane, sun yi sahu-sahu cikin kayan aiki, 'yan Indunusiya masu shara da masu wanke kwanoni da masu fenti. Ba wanda ya kira su. Wani mai gugar kayan hafsoshi, da na ɗauka ko gaisuwa bai iya ba, ya wuce gaba ya yi kabbara. Bangon yana ta ƙwanƙwasa muna salla.

A gari na uku aka fitar da shi ta ƙofar da ake shigo da kabeji da nama, Turawa kuma suna fita ta ƙofar gaba. Ana yayyafi. 'Yan sanda biyu suna jira, da wani mutumin Somaliya daga masallacin garin. Ya rungume ni kamar ya san ni, ya ce sai likita ya duba gawar kafin a ba su ita, ba zai yiwu yau ba. Jirgi kuwa ba ya jira, takardata ba ta ba ni damar kwana a ƙasar ba. Na bi motar da aka sa gawar a ciki da ido har ta sha kwana. Bayan 'yan kwanaki ya turo mini bidiyo: ciyawa kore, dutse baƙi a baya, mutanen da ban sani ba suna zuba ƙasa da hannuwansu. Ruwan ƙarƙashin ƙofar ya daina fitowa. Alasan ya ce ai an kashe injin sanyin ne.

Na ƙarasa kwangilata na dawo gida ƙarshen damina. Tun a Bagudo na ji ana cewa Kwara ta cika bana, shinkafar fadama ta nutse har wajen Illo. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare cikin ruwa, sauran tafiyar zuwa Lolo a kwalekwale na yi ta, na riƙe gefensa da hannu biyu. Gidan Kawu yana kusa da gaɓa. Ruwan ya cinye lambu, ya tsaya 'yan taku kaɗan daga katanga, ja, yana tafiya a hankali da kumfa a kansa. An jera buhunan yashi a ƙofa. A tsakar gida kuma an fito da kayan ɗaki an ɗaure, ana shirin tashi.

Inna Hajo tana zaune a tabarma, ta fita takaba, ta rame. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ba ta jakarsa, na nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe. Yara suka leƙo, ta kore su.

"Audu, gaɓar farko ce?"

Tun daga Norway nake shirya amsar nan, ban samu wadda ba ƙarya ba kuma ba wuƙa ba.

"Ta ukku ce, Inna. Mun wuce ƙauye biyu da shi. Na yi roƙo, ba su ba ni ba."

Ta dubi ƙofa, wajen ruwan. Hannunta ya kama bakin tabarma.

"Ƙauyukkan nan biyu. Kun sauka kwata, inda a ka ɗaure jirage?"

"Babu kwatar da za ta ɗauki jirgin. Tsakiyar ruwa ya tsaya, ƙananan jirage suka kai mutane."

"An ɗaure igiya ga turke?"

"A'a."

"Cikinshi ya gogi ƙasa?"

"A'a, Inna, zurfin wurin ya wuce misali."

"Na ukkun fa?"

"Nan aka ɗaure shi. Igiyoyi gaba da baya, jikinsa manne da kwata."

Ta saki tabarmar. Ta sauke numfashi mai tsawo. "Ɗan tudu," ta ce, "wa ya ce maka ganin gaɓa shi ne taɓa ta? Jirgin da ba a ɗaure ba bai sauka ba. Gaɓar farko ka rufe shi."

Ya kamata in yi shiru a nan. Na yi ƙoƙari. Amma abin ya taso mini, na san in na tafi da shi zai cinye ni.

"Inna, akwai saura. A duka biyun sun saki anga, ƙarfen nan mai ƙugiya. Na ji ƙarar sarƙar. Ya kai ƙasa, ya kama."

A waje ina jin ruwan yana lasar buhunan yashi.

"Ƙasan ruwa na ruwa ne, Audu," ta ce. Ta ɗaga murya ta kira babbar jikarta. "Kawo ma kawunki hura. Ki ce ma yara su maida kayan ɗaka, ba mu tashi."